Makullin Ƙarƙashin Randa

Duk shekara sai an turo mini matasa biyu ko uku su koyi aiki, kuma duk shekara sai wani a cikinsu ya ce mini ai aikin nan bai wuce rubuta layi goma a kwamfuta ba. Gaskiya ne, layi goma ne. Ka faɗa wa suwic inda saba take, wato kwamfutar da ke riƙe da sunaye, ka ba su kalmar da za su riƙa gane juna da ita, ka ce masa daga yau duk wanda ya zo shiga a tambayi saba tukuna. Mai saurin hannu zai gama kafin shayinsa ya huce. Saboda ku nake wannan rubutu, don na lura idan ina magana idanunku na kan waya, amma abin da aka rubuta kukan karanta ko da a ɓoye ne.

Ga wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bai taɓa ganin suwic ba: akwati ne na ƙarfe, faffaɗa, bai fi kamu ɗaya ba, da ramuka ashirin da huɗu a gabansa. Duk wayoyin kwamfutocin gida a jikinsa suke haɗuwa, shi ke raba musu hanya. Kowane rami da 'yar fitilarsa koriya mai ƙyaftawa. Na fi shekara ashirin ina kallon fitilun nan, amma har yau idan na shiga ɗakin na'ura na ja ƙofa, sai in ga kamar gari ne nake hange daga kan dutse, kowane gida da masu hira a cikinsa.

Aikina na farko shi ne matse kan waya, a wani kafe na intanet da ke cikin garin Birnin Gwari, a hannun Oga Bulus. Mutumin Gbagyi ne daga wani ƙauye a bayan Damari, gajere, mai furfura tun yana da ƙarfinsa. Cikin kowace waya akwai sirara guda takwas, kowace da launinta, kuma dole su shiga kan roba a jere yadda aka tsara. Idan na yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya sa filaya ya datse kan, ya jefa mini a aljihun riga. Makon farko da aljihu cike nake komawa gida, ina tafiya yana kacau-kacau. Kayan aikinsa ba su da yawa: filayar matsewa, ɗan abin gwaji, sukudireba biyu, sai wata shuɗiyar waya mai faɗi da ake jona kwamfuta kai tsaye da suwic. Yakan ce sauran kayan duk na aro ne, shuɗiyar nan ita ce sana'ar, don da ita ake magana da suwic baki da baki ranar da komai ya mutu.

Babban aikin da ya riƙe mu shi ne na wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitoci bakwai a ƙauyuka. Kowane asibiti da suwic ɗinsa, da faranti a kan rufi yana kallon eriya, eriyar kuma tana kallon ofishinmu da ke Magajin Gari. Ta wannan hanya bayanan marasa lafiya ke zuwa gari, ta nan kuma wayar tebur ɗin kowane asibiti ke samun likita. Oga da lamba yake kiran suwic-suwic ɗin. Ni kuwa lokacin ina yawan sayen ƙananan littattafan soyayyar nan na kasuwa, sai na raɗa musu sunaye: Hauwa, Binta, Asabe, da sauransu. Ta shida, wadda ta fi kowace nisa, na sa mata Zulai. Oga ya ce wanda bai iya zance da mace ɗaya ba ya tara bakwai. Amma bai canza ba, kuma ba a yi wata guda ba na ji shi da kansa yana tambaya ko Zulai ta tashi lafiya.

A da, kalmar sirri ɗaya ce a jikin dukkansu, kuma kowa ya san ta, har maigadi. Idan aka sallami ma'aikaci, sai mun hau babur mun zagaya asibiti bakwai muna canzawa ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ake yi. Muna yi ba ma ƙorafi, don a lokacin abin tsoro a hanya bai wuce taɓo da faci ba. Da hanya ta fara lalacewa, mutanen daji suka fara fitowa daga wajen dajin Kamuku suna tare motoci, sai Oga ya ce lokaci ya yi da za mu tattara sunaye wuri ɗaya.

Ranar da muka kunna saba a ofis ina tuna ta sarai, don fankar ɗakin ta lalace, muna aiki muna share gumi da hula. Saba kwamfuta ce da ke riƙe da sunan duk wanda aka yarda ya shiga da kalmar sirrinsa. Tsarin da muka bi Radiyus ake ce masa, amma Oga uwar ɗaki yake kiran ta. Daga ranar suwic ya koma kamar maigadin da bai san kowa ba. Ka zo ka faɗi sunanka, sai ya ce dakata, ya aika wa uwar ɗaki: kin san wane? Idan ta ce ta sani, ya buɗe. Tsakaninsu akwai wata kalma da su biyu kaɗai suka sani, kamar masoyan da suka yi alkawarin alama, don kada wani ya shiga tsakani ya amsa da muryarta. Idan ya aika bai ji amsa ba, sai ya jira daƙiƙa biyar ya sake aikawa, har sau uku. A duk aikinmu ban san abin da ya kai wannan jiran ban tausayi ba. Amfanin abin kuwa, idan aka sallami mutum, daga kujerarka za ka goge sunansa, ƙofa bakwai su rufe masa a lokaci guda, ba wanda ya taka hanya.

Nan ne Oga ya ƙara layi na goma sha ɗaya. A cikin kowane suwic ya bar suna guda da kalmar sirri wadda ba ta buƙatar uwar ɗaki, ya tsara cewa sai an kira ta sau uku ba ta amsa ba sannan wannan suna zai yi aiki. Ya rubuta kalmar a takarda, ya saka a ambulan ɗin wasiƙa, ya liƙe ya sa hannu a kan liƙin, ya ba shugaban kowane asibiti ya ajiye. Ya bar musu shuɗiyar waya ɗaya-ɗaya, ya koya musu yadda ake jonawa. Makullin ƙarƙashin randa yake kiran sa. Ya ce a ƙauyensu ba wanda ke tafiya gona da makullin ɗaki a aljihu, ƙarƙashin randa ake turawa, don ba ka san wa zai riga ka dawowa da ƙishirwa ba.

Bayan haka aka tura ni Kaduna kwas na mako biyu. Malamin da ya koyar da mu ya ce duk sunan da aka bari a cikin suwic rami ne da ɓarawo zai bi. Na dawo da wannan magana a bakina, na maimaita wa Oga ita har sau biyu. Yana cin gyaɗa ya tambaye ni ko malamin namu ya taɓa zuwa Damari da damina. Na ce ban sani ba. Ya ce to idan ya zo sai mu yi maganar.

Sai muguwar shekarar ta zo, shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. Mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kira ɗan'uwansa. Kasuwanni suka ragu, gonakin nesa suka koma ciyawa. Tunda hanyarmu ba ta bi ta kamfanin waya ba, faranti ne da eriyarmu, wayoyin tebur ɗin asibitocin nan bakwai suka zama su kaɗai ke magana a duk wannan shiyya. Wata rana da safe aka shiga asibiti na uku, aka kwashe magani da katifu, aka ɗauke akwatin teburin shugaban asibitin da duk abin da ke ciki. Ambulan ɗin Oga na ciki.

Oga ba ya gari, ya tafi jana'izar yayarsa. Bayan sallar azahar na zauna gaban kwamfuta, na shiga suwic-suwic ɗin nan ɗaya bayan ɗaya daga ofis. Abin da ya kamata in yi shi ne in canza kalmar ta ukun kawai. Ni kuwa sai na goge makullin ƙarƙashin randa a dukkansu. Ban tsaya nan ba. A jikin suwic akwai wani maɓalli da mai gyara zai danna ya shiga idan an manta kalma, shi ma na kulle shi, ta yadda duk wanda ya danna sai komai da ke cikin suwic ɗin ya goge. Na gwada kowanne, uwar ɗaki ta amsa, ƙofa ta buɗe. Kafin la'asar na gama. Na fita na sayi tsire na ci ni kaɗai, ina ganin na tsare asibiti bakwai ban taka ko bakin kwalta ba. Da Oga ya dawo ban faɗa masa ba. So nake ya gano da kansa ya yaba.

Wata biyu bayan haka aka yi ruwa da iska, eriyar da ke kan tudu a bakin daji ta faɗi. Fitilar Zulai ta mutu a allon ofis. Ba wanda zai iya zuwa tudun nan a wannan lokaci, amma Oga bai damu ba. Tun farko ya kafa wa Zulai faranti na biyu mai kallon wata eriya ta daban, ya jona shi a rami na ashirin da huɗu, ya bar ramin a rufe, don tsofaffin na'urorinmu rikicewa suke idan hanya biyu na buɗe tare. Layi uku kacal za a rubuta ramin ya buɗe. Ya rubuta su da manyan haruffa a takarda, ya ba wani direba da ke shiga ƙauyen ranar kasuwa ya kai wa Sista Rifkatu, ungozomar da ke riƙe da asibitin. Ya ce ta yage ambulan, ta jona shuɗiyar waya, ta kwafa yadda ta gani. Ya juyo ya ce mini yau zan ga amfanin randa.

Na san abin da zai faru, amma na bar direban ya tafi. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya ci kwana biyu.

Amsar Sista ta zo a bayan takardar magani. Ta gaishe mu, ta ce ta gwada kalmar sau shida, har ta kira malamin makaranta ya duba ko idonta ne, ƙofa ba ta buɗe ba. A ƙasa ta ƙara da cewa tana da wata mai cikin tagwaye da watanta ya tsaya, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, mijinta ya ce ba zai sa ta a wannan hanya ba ko da ɗaure shi za a yi. Ta ce tana buƙatar muryar likita.

Sai a nan na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan teburi, ya daɗe yana kallon takardar. Ku lura da yadda na ɗaure mu: Zulai ba za ta buɗe ba sai ta ji daga uwar ɗaki, kuma ba za ta kai ga uwar ɗaki ba sai an buɗe ta an kunna ramin. Ya tambaye ni maɓallin gyara fa. Na ce shi ma na kulle. Ya yi 'yar dariya.

“Nasiru, ka iya aiki,” ya ce. “Ɓarawo ba zai shiga ba, mai gida ma ba zai shiga ba. Mutanen da suka ɗauki katifa a ka, su ne za su zauna su karanta ambulan?”

Mun nemi dabara. Muka ce a ciro suwic ɗin a kawo mana gari, direban ya ce takarda zai ɗauka, amma akwati mai fitila da wayoyi ba zai shiga motarsa ba, don a shingen hanya za a ce na mutanen daji ne, mutanen daji kuma su ce na masu kai rahotonsu ne. Muka ce ko Sista ta danna maɓallin komai ya goge ta sake rubutawa daga farko. Amma layi wajen ɗari biyu ne, harafi ɗaya ya kauce sai an jira kwana biyu kafin gyara ya je ya dawo. Abin da ya rage shi ne ɗayanmu ya je, ya danna maɓallin, ya sake rubuta komai da hannunsa.

Na ce ni na ɓata, ni zan je. Ya kama hannuna ya juya tafin sama, ya ce wannan hannun ko makaho ya shafa zai san na ofis ne. Ya ce shi ƙasarsu ce, ya san hanyar ƙafa, yana jin Gbagyi, yana ɗan taɓa Fillanci, idan ya saɓa fartanya ba wanda zai kalle shi sau biyu. Na ce Oga, shekarunka fa. Ya ce shekarun ne ma za su wuce da shi, wa zai wahala a kan tsoho. Ya kwafe layukan a ƙananan takardu, matarsa ta ɗinke su a cikin hularsa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin na'ura.

“Ka kula da wutar uwar ɗaki,” ya ce. “Idan na ƙwanƙwasa, a samu mai amsawa.”

Kwana uku ina zaune gaban allon saba. Duk wanda ya nemi shiga, layi guda ke fitowa da sunansa da sunan suwic ɗin da ya aiko. Hadari ya rufe rana, batiran sola suka yi ƙasa, na kashe fanka da fitila da firjin ofis don wutar ta ishe ta. A rana ta uku bayan la'asar layin ya fito. Zulai ce ke tambaya ko an san bulus. Uwar ɗaki ta ce ta sani. Ban gama karantawa ba na ji wayar ofishin likita tana ƙara ta bayan bango.

Da likita ya gama da Sista, Oga ya kira ni ta wayar asibitin. Muryarsa ta dishe amma yana cikin raha. Ya ce Zulai na gaishe ni, ta ce kwana biyu ba zuwa ba aike. Ya ce Sista ta ba shi tuwo da miyar kuɓewa har ya kasa tashi. Sannan ya ce ya mayar da makulli ƙarƙashin randa, ya liƙe sabon ambulan, kuma kada in tashi daga kujerar nan sai na mayar wa sauran shidan nasu. Na ce to, Oga. Ya ce da safe zai biyo wasu manoma su fito ta hanyar rafi.

Bayan kwana huɗu matar ta haihu, likita na kan waya tun daga farko har ƙarshe. Ita ta rayu, da macen cikin tagwayen.

Manoman su uku ne suka fito tare da shi. Biyu sun iso gari da gudu, ba takalmi. Suka ce a mashigin rafi aka fito musu, kowa ya yi ta kansa, da suka waiwaya sun hango an tasa Oga da ɗayan an nufi cikin daji. Mun jira kiran neman kuɗin fansa, amma babu layin da za a kira mu da shi. Da aka buɗe layukan ma ba wanda ya kira. An tambaya ta duk hanyar da ake tambaya a ƙasar nan, ta masu kai itace, ta waɗanda aka sako. Wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce bai gani ba. Matarsa ta zo ofis ta kwashe kayansa. Na faɗa mata abin da ya kai shi, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta ɗauki filas ɗinsa da Littafinsa Mai Tsarki, ta tura mini filayar matsewa da shuɗiyar wayar ta kan teburi, ta fita.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Idan kuna haɗa suwic da saba, kada ku rufe tagar da kuka shiga da ita a allon kwamfuta sai kun buɗe ta biyu kun gwada. Ku kashe saba da gangan, ku ga ko za ku iya shiga ba tare da ita ba. Wannan gwajin ne ban yi ba, na gwada ranar da komai ke lafiya kaɗai. Ku bar makulli ƙarƙashin randa, kowane suwic da kalmarsa daban, idan an sace ɗaya ku canza ɗaya. Kuma idan kun taɓa wani abu, ku faɗa wa na gaba da ku a ranar, tun kafin ku ci abinci.

A makon jiya ɗayanku yana duba jerin sunayen da ke cikin saba ya tambaye ni wane ne bulus, me ya sa sunan mutumin da ya yi shekaru bai shiga ba yake nan har yanzu. Ya ce ƙa'ida ita ce a goge. Haka ne, ni na koya muku. Masu duba aiki daga Kaduna ma sun rubuta mini a kai har sau biyu, kuma na san abin da suke tsoro, don na taɓa jin irin tsoron. Na rage wa sunan iko, ba zai iya canza ko harafi ɗaya ba. Amma ƙofa za ta buɗe masa.

Asibitocin nan bakwai duk a gefen daji suke, kuma kowanne da shuɗiyar waya a akwatin teburi. Mutumin da ya fito daga cikin itatuwan nan ba waya a hannunsa, ya manta lambar kowa, yatsunsa ba za su manta sunansa ba. Idan ya kai ga ɗaya daga cikinsu ya rubuta, layi zai fito a allona, ya faɗa mini ko wajen Hauwa yake, ko Binta, ko Zulai. Shi ya sa kuke ganin kullum da safe, kafin in amsa gaisuwarku, sai na fara duba allon. Ranar da na bar kujerar nan wani a cikinku zai zauna a kanta. Duk abin da ya ga dama ya gyara, amma sunan nan ya bar shi, kuma ya kula da wutar uwar ɗaki.